Daga Ɗakin Koyo Zuwa Bakin Aiki

Ya kai mai karatu, ka lura da wannan darasi, gama ranar da mutum ya gama koyo ita ce ranar da a ke soma gwada shi.

A ran 1 ga Maris 1961 shugaban Amurka, John Kennedy, ya kafa wata ƙungiya mai suna Peace Corps, watau rundunar salama, domin aika masu aikin sa kai zuwa ƙasashen nesa. Ka'idarta ke nan: mutum ya yi wajen wata uku yana koyon harshe da al'adu da aikin da za a ba shi, sa'an nan ya yi rantsuwa, a kai shi garin da zai zauna shekara biyu. A Nijar, inda suka yi aiki daga 1962 zuwa 2011, da yawa cikinsu sun koyi Hausa da Zabarmanci a Hamdallaye, kusa da Yamai, kafin a rarraba su ƙauyuka.

Na fari, ka girmama harshen masu masaukinka. Kashi na farko da suka sauka Akara cikin Agusta 1961 suka tsaya a filin jirgin sama suka rera waƙa da harshen Tuwi. Bakinsu bai iya sosai ba, amma mutanen Gana suka yi murna, domin sun ga baƙi sun wahala saboda su. Gaisuwa da harshen mutum takan buɗe ƙofar da kyauta ba ta buɗewa.

Na biyu, ka tsare bakinka da alƙalaminka. Cikin Oktoba na wannan shekara wata budurwa daga cikinsu, tana tsakiyar koyo a kwalejin Ibadan, ta rubuta wa wani abokinta katin wasiƙa, ta ambaci ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin bai kai Amurka ba. Ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka watsa. Gari ya ɗauka, aka ce baƙin 'yan leƙen asiri ne, aka ƙaurace musu. Sai da waɗansunsu suka ƙi cin abinci kwanaki kafin ɗaliban su yarda a zauna a yi magana. Ita kuwa ta bar ƙasar tun ba ta koyar da yaro ko ɗaya ba. Watakila ba ta nufi mugunta ba, amma magana zarar bunu ce. Abin da ba za ka iya faɗa a gaban mai gidanka ba, kada ka rubuta shi a bayansa.

Na uku, kada ka yi gaggawar gyara. Baƙo ko da ido makaho ne. Manomin da ka zo taimako ya san ƙasarsa da damunarsa tun ba a haife ka ba. Ka yi watanni kana tambaya, kana zama inda su ke zama, kana cin abin da su ke ci, kafin ka ce ga abin da ya kamata. Rijiyar da mutanen gari suka haƙa tare da kai za su yashe ta bayan tafiyarka. Wadda ka haƙa musu kai kaɗai, ƙasa za ta cike ta.

Na huɗu, ka jimre da kewa. Wurin koyo akwai abokai da malamai. A garin aiki kai kaɗai ne, ga zazzaɓi, ga ɗokin gida. A nan ne za a san ko rantsuwarka ta baki ce ko ta zuciya.

To, ɗan'uwa, ko ba ka taɓa haye teku ba, wannan darasi naka ne. Duk wanda aka aika wani gari, malami ko mai magani ko ɗan koyo, baƙo ne. Ka tambayi kanka: Na iya gaishe su da harshensu? Me na ke faɗa game da su idan ba sa nan? Idan na tafi, me zai rage a hannunsu?