Bindigar Wasa Ta Ci Idon Yaro: Jan Kunne Ga Iyaye

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, alhali sana'ata duba ido ce, shi ne al'amarin wani yaro ɗan shekara tara daga wani ƙauye na karkarar Tsauni, wanda aka kawo mana bayan Ƙaramar Salla, idonsa na dama ɗaure da tsumman atamfa, kakarsa na riƙe da hannunsa, mahaifinsa na biye.

Asalin abin kuwa, ranar Salla da la'asar yaran unguwa suka haɗa kuɗin barka da salla, suka sayi irin bindigogin roban nan masu harba 'yan ƙwayoyi rawaya, suka rabu gida biyu, waɗannan soja, waɗancan 'yan fashi, suna laɓewa bayan rumbuna da darni. Yaron ya leƙo ke nan daga bayan rumbu, ɗan baffansa, wanda tsakaninsu bai wuce taku uku ba, ya sakar masa a ido. Ya yi kuka, aka lallashe shi, aka ce ai roba ce. Da dare ya ce kansa na sara, sai aka ba shi asfirin. Asfirin, ga ido mai jini a ciki! Wanshekare wata maƙwabciya ta tatsa masa nono a idon, wata ta kawo ruwan sukari, daga bisani aka tsayar da wani mai yawo da magani a kan keke, wanda bai san bambancin apolo da rauni ba, ya sayar musu da ɗigon dekisametazon, ya kuma yi musu fatawa cewa a murza idon sosai don magani ya shiga. Haka suka yi ta yi, har ranar da yaron ya fara amai, ya daina ganin ko hasken cocila, sannan aka tuna da likita.

Da na kwance tsumman na haska, sai na tarar gaban idon ya cika maƙil da jini har ya yi baƙi, ba a hango komai a bayansa, awon matsin da ke cikin idon kuma ya haura 50. Na tambayi mahaifin ko akwai amosanin jini a zuriyarsu, ya ce bai sani ba. Da gwaji ya nuna AS, dole na janye hannu daga maganin Diamox, na sa timolol da atirofin, na rufe idon da garkuwa, na tura su Damagaram a ranar. Likitocin can sun wanke jinin, sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma jijiyar gani ta riga ta mutu. Da suka dawo, mahaifin ya ce mini, "Likita, ai wasan yara ne, kuma abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa." Na ce masa, "Malam, ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma kwanakin da yaron nan ya yi a ɗaki ana murza masa ido, sunansu sakaci."

Ya kamata jama'a su sani cewa wannan abu da muke miƙa wa yara, a inda ya samo asali wasan manya ne mai sharuɗɗa. A ƙasar Japan aka fara shi cikin shekarun 1970, inda doka ta tsananta kan mallakar bindiga, ana kiransa eyasof. Ƙwayarsa milimita 6 ce, nauyinta galibi wajen kashi ɗaya cikin biyar na giram ne, amma tana iya gudun mita 100 a daƙiƙa guda. Saboda haka, a filayen da ake yinsa bisa ƙa'ida, ba mai shiga sai da tabarau mai kauri wanda ya rufe ido ta kowane gefe, ba mai cire shi ko da gumi ya rufe masa gani, ana auna ƙarfin kowace bindiga kafin a fara, an hana harbi daga kurkusa, kuma da zarar tabarau ɗin wani ya faɗi sai a tsayar da wasan baki ɗaya. A Birtaniya, dokar 2006 ta haramta sayar da irin wannan bindiga ga wanda bai kai shekara 18 ba. Bindigar kasuwarmu ba ta kai waccan ƙarfi ba, na yarda, amma daga taku uku ta isa ta fasa jijiyar jini a ido, mu kuwa ɗan yaye ma muna saya masa. Akwai kuma haɗarin kama da ta gaske: a birnin Cleveland na Amurka, a watan Nuwamba 2014, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, yana riƙe da irin wannan bindiga.

Shari'armu ma ba ta bar wannan babi ba, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi bin Mugaffal hanin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi game da harbi da tsakuwa, bisa illar karya haƙori da tsiyaye ido. Fuƙaha'u kuma sun yanke rabin diyyar rai a kan ido guda.

To, ga abin da nake so a riƙe. Kada a saya wa yaro bindiga mai harba ƙwaya. Tabarau na rana ba kariya ba ne, fashewa yake yi ya ƙara ɓarna. In an harbi ido, kada a murza, kada a ɗiga komai, kada a ba da asfirin. A yanke gindin kofin roba a kifa a kai ba tare da dannawa ba, a tayar da kan yaron, a kai shi likita a ranar, ko da ya ce yana gani, domin jinin yakan sake ɓallewa cikin kwana biyu zuwa biyar, na biyun kuma ya fi muni. Danƙo da kibiyar kara hukuncinsu ɗaya. Na sake faɗa, kada a murza, kuma mai magani a kan keke ba likitan ido ba ne.

Ina roƙon limamai su saka wannan cikin huɗubar Juma'ar da ke gaban Salla, masu gari su yi magana da 'yan tireda, iyaye kuma su duba abin da yara ke saye da kuɗin barka da salla. Allah Ya tsare mana idanun 'ya'yanmu, amin.