Darasi a Kan Man Shafawa Mai Bitamin da Baƙin Ƙarƙashin Ido

Zuwa ga Hakimai da Malamansu.

Kasuwanninmu sun cika da man shafawa iri iri, waɗanda masu talla ke cewa suna kawar da baƙin ƙarƙashin ido da tamojin tsufa. Ya kamata shugabanni su san gaskiyar al'amarin, domin su gargaɗi talakawansu.

1. Mafarin abin. Fatar da ta kewaye ido ita ce mafi rashin kauri a jikin ɗan Adam, ba ta kai milimita 1 ba. Saboda haka nan tsufa ke fara bayyana. Baƙin kuwa yakan zo ta hanya huɗu: gado, ko jijiyoyin jini da ake hangowa ta cikin fata, ko ramin da shekaru ke kawowa har ya yi inuwa, ko yawan murza ido da zafin rana. Rashin barci yana ƙara shi. Mai ba ya cike rami, ba ya kuma canja gado.

2. Bitamin A, watau retinol. Yana sa fata ta ƙara kolajin, zaren da ke riƙe ta kada ta saki. A Amurka an yarda da wani irinsa mai ƙarfi don ƙurajen fuska a 1971, sa'an nan don tamoji a 1995. Da dare ake shafa shi, ɗan kaɗan, nesa da gashin ido, gama yakan sa raɗaɗi da saɓa. Mace mai ciki kada ta taɓa shi.

3. Bitamin C. Yana rage yin launin baƙi a fata, yana taimakon kolajin. Iska da haske suna ɓata shi. In ya rine ya koma ruwan ƙasa, ƙarfinsa ya ragu.

4. Bitamin B3, watau niyasinamid. Shi ne mai sauƙi ga fata. Kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ya isa.

5. Bitamin E da K. Na farko yana tausasa fata, yana ƙarfafa aikin bitamin C. Na biyu kuwa shaidar amfaninsa ba ta da ƙarfi.

Ko wanne cikinsu sai an yi wajen wata 3 kafin a ga ɗan canji. Man da ya haskaka fuska cikin mako guda abin tuhuma ne. Sau da yawa akan sami zaiba a ciki, wadda ke lalata ƙoda, ko haidurokwinon, wanda daɗewa da shi kan ƙara baƙanta fata, ko sitiroyid, wanda kusa da ido yakan jawo yanar ido da hawan jinin ido, har makanta. Haka kuma akan sami dalma cikin kwalli. Kada a sa wa jarirai.

Abin da ake roƙon Hakimai: a tara dagatai da masu unguwa da sarakunan kasuwa, Malam ya karanta musu wannan takarda. A hori mutane su duba lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, su guji man da ake aunawa a cokali ba suna. A ci zogale, manja, gwaba, mangwaro da gyaɗa, a sami barci, a kare fuska daga rana. Wanda idonsa ke kumbura kowace safiya, ko cikin fatar idonsa ya yi fari, a tura shi asibiti, gama mai yiwuwa ciwon ƙoda ne ko ƙarancin jini.

Allah ya ƙara wa Hakimai lafiya, amin.