DARASI: ABIN DA HANNUNKA YA IYA

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Darasinmu na yau a kan ilimin hannu ne, wato irin wanda littafi shi kaɗai ba ya ba ka shi, sai ka zauna kusa da mai yi, ka kalla, ka sa hannu, a gyara maka. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi Dawud (AS) daga aikin hannunsa yake ci, kuma Alƙur'ani ya gaya mana sulke yake ƙerawa. A Muslim an ruwaito cewa Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne. Nana A'isha (RA) kuma ta ba da labarin Manzon Allah (SAW) yana ɗinke tufafinsa, yana gyara takalminsa da kansa. To wa ya fi ƙarfin aikin hannu bayan waɗannan?

Ku dubi marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take. Baba ne da toka da katsi ake haɗawa a rijiyar rini, amma sanin cewa baba ya nuna, marini daga kumfa da wari da launi yake gane shi, abin da ya gani a hannun ubansa shekara da shekaru. Yau rijiyoyi da yawa a wurin ba a aiki da su. Haka ilimin hannu yake, ranar da aka rasa mai karɓa, ranar ya fara mutuwa.

Ba kowa ne zai zama marini ko maƙeri ba, amma akwai abubuwan da bai kamata gida ya rasa mai iya su ba. Ga uku.

Na farko, yanka da fiɗa. Ranar layya sai ka ga magidanci da ragonsa a ɗaure har la'asar, yana jiran mahauci. Alhali abin a fili yake: ka wasa wuƙa sosai, ba a gaban dabbar ba, ka kwantar da ita ta fuskanci alƙibla, ka ambaci sunan Allah, ka yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ka ɗage hannu ba. Wurin fiɗa a fi amfani da dunƙulen hannu wajen raba fata da nama, don fatar da wuƙa ta huda ta rage daraja a wurin majema. In ba a ranar za a kai ta ba, a barbaɗa mata gishiri.

Na biyu, ruwan gishiri da sukari. Gudawa tana kashe ƙananan yara ne ta hanyar ƙarar da ruwan jikinsu. In dare ya yi, babu ƙullin ORS a kusa, uwa ko uba ya san wannan awon: lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, abin da ya wuce awa 24 a zubar a haɗa sabo. Kada a ƙara gishiri wai don ya fi aiki, yawansa cutarwa yake. Wannan agajin farko ne kawai, sai a garzaya asibiti.

Na uku, wankan gawa. Farilla ce ta kifaya, in kowa ya bari, kowa ya yi laifi. A hadisin Ummu Aɗiyya (RA) an koyar da a fara da dama da gaɓoɓin alwala, a wanke sau 3 ko 5 ko fiye in da buƙata, da ruwa da magarya, a sa kafur a na ƙarshe. Amma yadda ake juya mamaci a hankali, da yadda ake suturce al'aurarsa, da yadda ake yanka likkafani, sai a gaban mai yi. Unguwa nawa ce yau dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya aka dogara da su? Ranar da su suka rasu fa, wa zai wanke su?

Hanyar koyo ba ta canza ba. Ka je wurin wanda ya iya da ladabi, ka ce, "Baba, ina so in riƙe maka, in gani." Ka yarda da ƙaramin aiki, ko riƙe ƙafar rago ne ko miƙa buta. In an yi maka gyara kada ka yi fushi. Wanda ya iya kuma ya daina korar yara da cewa za su ɓata aiki, ai shi ma da ɓatawa ya fara.

Aikin wannan makon: kowa ya zaɓi ɗaya daga cikin ukun nan, ya nemi wanda zai koya masa tun kafin ranar buƙata ta zo.

Allah Ya sanya albarka a hannayenmu, Ya ciyar da mu halal, Ya jiƙan magabatanmu. Wallahu a'alam.