Asalin Littattafan Zane na Jarumai Gagarabadau a Amurka

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin da bai taɓa jin sunan Superman ko Batman ba, ko a fim ko a jikin rigar yara. Sai dai kaɗan ne suka san cewa waɗannan jarumai a takarda aka haife su, cikin wasu littattafai masu araha da ake sayarwa senti 10. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda littattafan suka samo asali, da waɗanda suka ƙirƙiro su, da kuma wanda ya ci moriyar aikin.

Ma'ana

Littafin zane shi ne wanda ake ba da labari a cikinsa ta hanyar jera hotuna zanannu gida-gida, a sa maganar kowane mutum cikin wani ɗan da'ira kusa da bakinsa. Hoto da rubutu ne suke haɗuwa su isar da saƙo, in aka cire ɗaya labarin ya gurgunce. Shi kuwa jarumi gagarabadau ana gane shi da abubuwa uku: ƙarfi ko gwaninta da ta wuce ta sauran mutane, da tufafi na musamman masu tambari, da ɓoye ainihin ko shi wane ne a rayuwarsa ta yau da kullum.

Daga Jarida Zuwa Littafi

Tun a ƙarshen ƙarni na 19 jaridun Amurka ke buga gajerun labaran zane na ban dariya don jawo masu saye. A shekarar 1933 ne kamfanin ɗab'i na Eastern Color ya tattara irin waɗannan labarai da suka riga suka fito a jarida ya mayar da su ɗan littafi, aka riƙa rabawa kyauta a matsayin talla. A 1934 sai kamfanin ya fito da Famous Funnies, wanda aka kai rumfunan sayar da jarida a kan senti 10, kuma ya karɓu.

To amma labaran jarida suna da masu su, kuma sai an biya kafin a sake buga su. Wannan ya sa wani tsohon hafsan soja, Malcolm Wheeler-Nicholson, ya fito da New Fun a 1935, wanda duk abin da ke ciki sabo ne, da matasan marubuta da masu zane suka yi a farashi mai sauƙi. Bashi ya yi masa katutu, har kamfanin ya koma hannun Harry Donenfeld, mai harkar ɗab'i da rarraba mujallu, da akawunsa Jack Liebowitz. Wannan kamfani ne daga baya ya zama DC, sunan da aka ɗauko daga littafinsu Detective Comics na 1937.

Haihuwar Superman

Daga cikin matasan da ke yi wa kamfanin aiki akwai Jerry Siegel, marubuci, da Joe Shuster, mai zane. Dukkansu 'ya'yan Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Turai, kuma sun haɗu ne a makarantar sakandare a birnin Cleveland na jihar Ohio. A 1933 sun fara amfani da sunan Superman a wani gajeren labari, amma a nan mugu ne. Daga baya suka sake masa fasali ya zama mai ceto, suka yi shekaru suna kai shi kamfanonin da ke sayar wa jaridu labarai, ana mayar musu.

A 1938 kamfanin Donenfeld ya buƙaci abin da zai cike sabon littafinsa, Action Comics. Aka karɓi labarin Superman mai shafi 13, aka biya su dala 130, wato dala 10 kowane shafi, su kuma suka sa hannu a takardar da ta miƙa wa kamfanin mallakar jarumin baki ɗaya. Fitowa ta farko, mai ɗauke da watan Yuni 1938, an buga kwafe 200,000.

Superman na farko bai iya tashi sama ba, tsalle mai nisa kawai yake yi. Abokan gabansa ma mutane ne irin na kullum. A fitowar farko ya ceci wata mata da aka yanke wa hukuncin kisa bisa kuskure, ya hukunta wani mai dukan matarsa, ya kuma bi sawun masu ba 'yan majalisa cin hanci. Lokacin Amurka na fama da karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929, talaka na neman mai share masa hawaye, don haka ba abin mamaki ba ne da labarin ya shiga ran jama'a.

Yaɗuwa da Koma Baya

Ganin irin cinikin da aka yi, sai kowane kamfani ya shiga neman nasa jarumin. Batman ya fito a Detective Comics ta 27 a 1939, aikin Bob Kane da Bill Finger. A wannan shekarar kuma kamfanin Timely na Martin Goodman, wanda ya zama Marvel, ya fito da Marvel Comics. Captain America na Joe Simon da Jack Kirby ya shiga kasuwa a Disamba 1940, bangonsa na nuna shi yana naushin Hitila, shekara guda kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Wonder Woman ta William Moulton Marston ta biyo baya a 1941. Zamanin yaƙin kasuwar ta bunƙasa ƙwarai, yara na saye, sojoji ma na karantawa a sansanoninsu.

Bayan yaƙi sai farin jinin jaruman ya ragu. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana zargin littattafan zane da lalata tarbiyyar yara, majalisar dattawa ta yi zaman sauraron bahasi a kai, kamfanonin kuma suka kafa hukumar tace ayyukansu da kansu.

Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Superman ya shiga jarida a 1939, ya shiga rediyo a 1940, dukiya na ta kwarara aljihun kamfani. A 1947 Siegel da Shuster suka kai ƙara kotu suna neman a mayar musu da mallakarsa. Ba su samu ba, aka sasanta a 1948 da wasu kuɗi, aka kuma cire sunayensu daga littattafan. Sun yi shekaru cikin ƙunci, Shuster ma ganinsa ya yi rauni sosai. Sai a 1975, bayan abokan sana'arsu sun yi ta kururuwa a kafofin yaɗa labarai, kamfanin Warner, wanda ya mallaki DC a lokacin, ya yarda zai riƙa ba kowannensu dala 20,000 duk shekara, ya kuma mayar da sunayensu. Shi kuwa Bill Finger ya rasu a 1974, kuma sai a 2015 aka fara rubuta sunansa a matsayin wanda ya yi tarayya wajen ƙirƙirar Batman. A 2024 an sayar da kwafe guda na Action Comics ta farko dala miliyan 6 a gwanjo.

Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa littattafan zane na jarumai sun taso ne daga buƙatar masu ɗab'i ta samun labari mai araha, da basirar matasa marasa galihu, da kuma halin matsin da jama'a ke ciki. Ɗalibin harshe da adabi zai amfana ta fuska biyu. Na farko, ya lura da yadda adabi ke ɗaukar launin zamaninsa, domin jarumin da ya yaƙi masu cin hanci a 1938 shi ne ya koma tallar takardun lamunin yaƙi bayan 'yan shekaru. Na biyu, da yawa daga cikinmu za mu yi rubutu ko fassara wata rana. Duk wanda aka miƙo wa takardar yarjejeniya ya karanta ta a tsanake, ya gane ko bugu ɗaya yake sayarwa ko mallakar aikin duka, kafin ya sa hannu.