Labarin Jini Ba a Tambayar Fuska

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan magana gaskiya ce a wajen fushi da murna, amma ba ta kai ga jini ba. Mutum yana iya zama ƙaƙƙarfa, ya yi noma, ya buga ƙwallo, alhali a cikin jininsa akwai abin da zai iya ba matarsa ko ya gadar wa 'ya'yansa, shi kansa bai sani ba. Irin wannan labari ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ne kaɗai yake iya bayarwa. Abubuwan da ake nema a can kafin aure kashi biyu ne. Akwai abin da mutum ya gada daga iyayensa, akwai kuma cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa.

Bari mu fara da na gado, wanda babbansa a ƙasarmu shi ne amosanin jini, wato sikila. A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai wani sinadari mai suna himogulobin, shi ne yake ɗaukar iska daga huhu ya raba wa sassan jiki. Na yawancin mutane ana kiransa A. Akwai kuma wani iri da ake kira S, wanda idan iska ta yi masa ƙaranci sai ya sandare, ya lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma kamar lauje. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, amma mai kama da lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Ga shi kuma takan maƙale a ƙananan hanyoyin jini ta toshe su. Daga nan ne ciwon ƙashi mai tsanani, da ƙarancin jini, da kumburin hannu da ƙafa na jarirai suke samo asali.

Kowane mutum yana karɓar iri ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya sami A da A shi ne AA. Wanda ya sami A da S shi ne AS, kuma wannan ba mara lafiya ba ne, yana dai ɗauke da irin. Wanda ya sami S daga ɓangarorin biyu shi ne SS, mai ciwon. Akwai wani irin kuma, C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, shi ma idan ya haɗu da S yakan kawo ciwo.

To, me zai faru idan AS ya auri AS? A ɗauka miji yana da ƙwarya mai wake biyu, fari da ja, matar ma haka. Duk lokacin da aka sami ciki, kowannensu zai rufe ido ya ɗauko wake ɗaya. Hanyoyin da waken zai iya fitowa huɗu ne: fari da fari, fari da ja, ja da fari, ja da ja. Ja da ja shi ne SS, ɗaya ke nan cikin huɗu. Amma a lura, bayan kowace haihuwa ana mayar da waken cikin ƙwarya ne a sake sabon lale. Saboda haka kuskure ne a ce in an haifi mai sikila ɗaya, ukun da za su biyo baya sun tsira. Wani gida a haifi shida ba mai ciwon, wani gida kuwa a jera uku.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu a Nijeriya AS ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar kowace shekara. Dalilin yawan irin S a nan shi ne zazzaɓin cizon sauro. A 1954 wani masani, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi jure wa wannan zazzaɓi, don haka suka rayu suka yaɗu. A binciken da aka yi a ƙauyukan Garki, wadda take Jihar Jigawa yanzu, tsakanin 1969 da 1976, an tarar kimanin biyu cikin ɗari na jarirai SS ne, amma da ƙyar ake samun SS a cikin manya. Wato yawancinsu tun suna ƙanana suke rasuwa. Mai yiwuwa ne wasu daga cikin matan da a da ake cewa suna wabi, wannan ne asalin abin da ya same su.

Yaya ake gwajin? Akwai mai sauƙi, inda ake ɗiga jini a kan gilashi, a haɗa shi da wani magani mai janye iska, a duba da madubin likita ko ƙwayoyin sun lanƙwashe. Sai dai wannan ba ya rarrabe AS da SS, iyakarsa ya ce akwai S. Wanda ya fi shi shi ne gwajin lantarki. Ana fasa ƙwayoyin jinin, a ɗora ɗigon a kan wata jiƙaƙƙiyar takarda ta musamman, a sakar mata wuta. Himogulobin A ya fi S sauri, S kuma ya fi C, don haka kowanne sai ya tsaya a layinsa kamar 'yan tsere. Mai AA layi ɗaya zai nuna, mai AS biyu, mai SS ɗaya amma a wurin S. Da irin wannan dabara ce Linus Pauling da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1949 cewa himogulobin ɗin masu sikila daban yake. Abu biyu ya kamata a kiyaye. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata ukun da suka wuce ya faɗa wa ma'aikacin, domin jinin wani yana iya rikita sakamako. Sannan rukunin jini, wato A, B, AB da O, wani abu ne dabam, ba shi ne wannan gwaji ba.

Kashi na biyu shi ne cututtukan saduwa. Ƙanjamau, wadda aka gano ƙwayarta a 1983, ana gwada ta da ɗigon jinin yatsa, cikin minti ashirin an ga sakamako. Abin da gwajin yake nema shi ne garkuwar da jiki ya yi wa ƙwayar, ita kuwa takan ɗauki lokaci, har wata uku, kafin ta bayyana. Shi ya sa wani lokaci ake cewa mutum ya dawo a sake. Tunjere ma a jini ake ganinsa. Gyambonsa na farko ba ya zafi, yakan warke da kansa, sai mutum ya ɗauka ya rabu da shi, alhali yana nan kwance shekara da shekaru, kuma yana iya kashe ɗan da ke ciki. Ciwon sanyi kuwa, ruwan da ke fita ko fitsari ake gwadawa. Mata da yawa ba sa jin komai har sai ya toshe musu hanyar haihuwa. Akwai kuma ciwon hanta nau'in B, wanda ake ɗauka ta saduwa, ta jini, ko daga uwa wajen haihuwa.

Bambancin kashin nan biyu ya kamata kowa ya riƙe. Na biyun suna da magani. Allurar fenisilin tana warkar da tunjere, ciwon sanyi yana warkewa idan likita ya zaɓi maganin da ya dace, ciwon hanta nau'in B yana da rigakafi, mai ƙanjamau kuma idan ya riƙe maganinsa har ƙwayar ta daina nunawa a jini ba ya sa wa matarsa. Na gado kuwa babu ƙwayar maganin da za ta mai da AS ya koma AA. Abin da ke hannun mutum shi ne zaɓen abokin zama da saninsa. Wannan ba dalilin ƙyamar masu sikila ba ne. A yau da yawansu suna karatu, suna aiki, suna aure, muddin an gano ciwon da wuri, an kare su daga sauro da sanyi da ƙishirwa, ana kuma kai su asibiti.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin sikila, da ƙanjamau, da ciwon hanta kafin ɗaurin aure. Doka ta yi nata, amma akwai saura. Idan aka bari sai an kai lefe, an sa rana, an buga kati, sannan aka je gwaji, wa zai iya cewa a fasa? A irin wannan hali ne wasu suke neman takardar jabu don gudun kunyar mako ɗaya, su saya wa ɗansu wahalar rayuwa duka. Tun ran gini, ran zane. Gwajin sikila sau ɗaya ya isa idan an yi shi a wurin kirki, domin abin da aka haife ka da shi ba ya sauyawa.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata, idan mun je hutu mu roƙi iyayenmu su kai mu asibitin gwamnati a gwada mu, kowa ya adana takardarsa tare da ta haihuwa. Idan lokacin aure ya zo, a fara tambayar wannan kafin a kai kuɗin gaisuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.