Matakan Gwada Ƙurar Bune a Ɗakin Bincike

Iskar hunturu da ke lulluɓe Bune da sauran ƙasar Gure tana ɗauko ƙura mai yawa daga gabas, musamman daga kwarin Bodele na Cadi. Ƙurar tana taɓa aikin wani gutsuren sinadari da ake kira OH, sabulun sararin sama, wanda ke cinye iskar metan da gubar hayaƙi, shi kuwa ba ya cika daƙiƙa 1 a raye. A 2008 Marieme Ndour da abokan aikinta a Liyon ta Faransa sun nuna cewa idan haske ya bugi ƙurar Sahara, tana juya iskar NO2 ta zama HONO, rana kuma ta fasa HONO ya ba da OH. Ga yadda ɗalibi zai maimaita gwajin da ƙurar gida.

1. Tara ƙura. Tsakanin Disamba da Fabrairu, ɗora farantin gilashi mai tsabta a kan soro, nesa da murhu da hanyar mota, domin toka da hayaƙi za su ɓata maka lissafi. Juye abin da ka samu a kwalba, ka rubuta rana da inda iska ta fito.

2. Raba ta tudu da ta kwari. A ganina nan ne aikin yake. Yankin Gure na da tuddan rairayi, yana kuma da kwaruruka masu kanwa. Kanwa tana kama asid, HONO kuwa asid ne. Sinadarin kabonet da ke cikin kanwa shi ne ma ake shafa wa bututu a ɗakin bincike don a tsare HONO. Saboda haka ƙasar kwari na iya haifar da shi ta kuma riƙe abinta, na'ura ta nuna kamar babu abin da ya faru. Wanda ya haɗa samfuran biyu a kwalba ɗaya ya rasa tambayar da ta fi kowace amfani. Ban da ƙurar faranti, ka ɗebo ƙasar tudu da ta kwari kowace daban, daga saman ƙasa kawai.

3. Tankaɗe. Yi amfani da rariya mai ramin mikron 63.

4. Shafa a bututu. Dama 'yar ƙura da tataccen ruwa, ka zuba cikin bututun gilashi kana juya shi har ta lulluɓe bangon ciki daidai. Busar a tanda mai zafin digiri 100, sannan ka auna nauyin da ya manne.

5. Fara da bututu wayam. Tura iska mai tsabta da aka gauraya da NO2 kaɗan ƙwarai, kamar kashi 50 cikin biliyan, ka ga nawa gilashin kansa ke sha. NO2 guba ce, sai a ƙarƙashin na'urar zuƙe iska.

6. Duhu, sannan haske. Sa bututun mai ƙura, ka auna a duhu har allura ta tsaya. Kunna fitilun UV, da tabarau na kariya a idonka. Ma'adinin titaniyom da ke cikin ƙurar zai sha hasken, NO2 ta ragu. Hattara: na'urar auna NO2 da aka saba da ita tana ƙidaya HONO a matsayin NO2, don haka a sa matarin kabonet a gabanta, ko a auna HONO da na'urar LOPAP. Maimaita da laima daban-daban, tun daga bushewar hunturu har zuwa damshin damina.

7. Lissafi. Abin nema shi ne: cikin duk karon da NO2 ta yi da ƙura, nawa ne ya haifar da canji? A gwajin Liyon abin bai wuce 'yan ƙalilan cikin miliyan ba.

Matakai 3 na farko ana iya yin su a Bune ko a Jami'ar Damagaram, sauran kuwa sai ɗakin bincike mai kayan aiki. Mai neman hanya ya fara da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda masananta suka daɗe suna aiki da na Faransa a tashar auna iska da ƙura ta Banizumbu.