Darasin Lissafi Cikin Ruwan Sabulu

Makarantunmu da yawa na karkara, a ƙasar Kauru da kewayenta, ba su da ɗakin gwajin kimiyya. Wannan kuwa bai isa ya hana yara gane lissafin siffofi ba. Da waya, da zare, da bokiti, da garin sabulu, malami ko uba yana iya nuna wa yaro wata ƙa'ida babba: yanar sabulu kullum tana tsuke kanta ta ɗauki fili mafi ƙanƙanta da za ta iya.

Gwaji na farko. A dama garin sabulu a ruwa, a ƙara ɗan sukari don yanar ta daɗe, a bari kumfa ta kwanta. A lanƙwasa waya kamar zobe mai faɗin tafin hannu, a ɗaura zare daga gefe zuwa gefe, da ƙaramin zarge a tsakiya. A tsoma, a ciro a hankali. Sa'an nan a huda yanar da ke cikin zargen da busasshen tsinke. Nan take zaren zai buɗe ya zama cikakkiyar da'ira, domin yanar da ke waje tana jansa daidai wa daida ta kowane ɓangare.

Gwaji na biyu. A sami gilashi biyu marasa kaifi, a manna guntayen kara uku a tsakaninsu bisa taswira, a matsayin Kauru da Saminaka da Kafanchan. In an tsoma an ciro, za a ga yana uku sun taso daga karan sun haɗu a wuri guda, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kusurwa mai digiri 120. Wannan ita ce hanya mafi gajarta da za ta haɗa garuruwan uku, in da ba duwatsu da koguna. Irin wannan kusurwa ce ake gani a ɗakunan saƙar zuma.

Kada a ɗauki abin wasan yara kawai. Joseph Plateau, masani ɗan ƙasar Beljiyam, shi ya bayyana waɗannan ƙa'idodi a littafinsa na 1873, alhali kuwa ya riga ya makance. Sai a 1976 wata masaniya 'yar Amurka, Jean Taylor, ta tabbatar da su ta hanyar lissafi. Frei Otto na Jamus, wanda ya yi aikin rufin filin wasannin Olamfik na Munich na 1972, ya sha gwada siffofin rufinsa da yanar sabulu.

Saboda haka ana kira ga malamai da iyaye su bar yaro ya tsoma da hannunsa, ya auna kusurwar da kansa, ya rubuta abin da ya gani. A kula kada ruwan ya shiga ido. Gani ya kori ji.